Shin hoton madubin likita da aka harhaɗa abin yarda ne?

Tun da hotunan da ake ƙerawa da ƙirƙirarriyar basira suka cika wayoyinmu, mutane sun rage yarda da abin da suke gani a fuskar salula, kuma ba za a ga laifinsu ba. Sai dai shakkar ta fara shafar wani irin hoto da ya kamata a yi masa adalci, wato wanda ake ɗauka ta madubin likita, na'urar da ma'aikatan ɗakin awo ke kira mikroskop. Za ka ga an turo hoton fiffiken sauro ko na ɗan yankin hanta a zauren WhatsApp, an rubuta a ƙasa cewa hotuna ɗaruruwa aka haɗa suka ba da shi. Nan take wani zai ce, "To ka ji, da bakinsu sun ce haɗawa suka yi." A fada, wajen shan shayi, maganar takan zarce har ta taɓo awon asibiti baki ɗaya: in dai hoto haɗa shi ake yi, wa ya san abin da aka ƙara, wa ya san abin da aka cire?

Tambaya ce mai nauyi, domin irin waɗannan hotuna su ne likitoci a ƙasashe da dama suke dubawa yanzu su ce wannan cutar kansa ce, wannan ba ita ba ce. Kafin a yanke hukunci, sai an san abin da madubin ke iya gani, da dalilin da ya sa hoto ɗaya ba ya wadatarwa.

Abin da madubin ke gani da abin da ya fi ƙarfinsa

A ɗauki milimita ɗaya a kasa ta gida 1,000. Kowane kaso shi ake kira mikron, kuma da shi ake awo a wannan duniyar. Kaurin gashin kai yana tsakanin mikron 50 zuwa 100, wanda kusan nan ne iyakar abin da lafiyayyen ido ke iya tantancewa. Jar ƙwayar jini ba ta wuce mikron 7 zuwa 8 ba. Ƙwayar cutar palu, wato zazzaɓin cizon sauro, lokacin da take ƙarama a cikin jini da siffar zobe, mikron 1 zuwa 2 ce. Ta tarin fuka siririya ce, tsawonta mikron 2 zuwa 4. Ƙwan tsutsar tsargiya, wadda yara ke kwasowa a tabkuna suna fitsarin jini, shi ne ƙaton cikinsu, wajen mikron 150, da ƴar ƙaya a ƙarshensa.

Madubin da ke ɗakunan awonmu yana da gilashi hawa biyu. Akwai na ƙasa da ke fuskantar abin da ake dubawa, yawanci guda huɗu a jikin abin juyawa, masu ninka girma sau 4, 10, 40 da 100. Akwai kuma na sama inda ake kafa ido, mai ninkawa sau 10. Ana ninka ɗaya da ɗaya, saboda haka ƙarshen ƙarfinsa sau 1,000 ne. Idan za a yi aiki da mai 100, sai an ɗiga wani mai na musamman tsakanin gilashin da lam, wato ɗan fallen gilashin da ake shafa jini a kai, don kada haske ya watse.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne bambancin girma da rarrabewa. Ƙara wa abu girma ba wuya. Abin da ke da wuya shi ne a ga ɗigo biyu da ke dab da juna a matsayin biyu, ba dunƙule ɗaya ba. A 1873 wani masani Bajamushe, Ernst Abbe, wanda ke aiki da kamfanin Carl Zeiss a garin Jena, ya nuna cewa hasken da ido ke gani yana da iyakar da ba ya wucewa, wajen kashi ɗaya cikin biyar na mikron. Duk abin da ya fi haka ƙanƙanta, ko sau nawa aka ninka shi, dishi-dishi ne kawai zai ƙara faɗi. Shi ya sa ƙananan na'urorin da ake tallatawa a intanet da alkawarin ninki 1,600 a kan kuɗi kaɗan ba sa nuna abin da madubin asibiti ke nunawa. Shi ya sa kuma ba a ganin ƙwayar korona, mai wajen kashi ɗaya cikin goma na mikron, da madubin ɗakin awo. Ita sai da madubi mai aiki da elektron, wanda Ernst Ruska da Max Knoll suka fara ƙerawa a Jamus a 1931.

Akwai kuma batun launi. Yawancin abin da ke cikin jikinmu, idan aka yanka shi siriri, ba shi da launi, haske ratsa shi yake yi. Dole sai an rina. Rinin Giemsa, wanda ake amfani da shi tun 1904, shi ke sa jikin ƙwayar palu ya fito shuɗi da ɗan jan ɗigo. A awon majina kuma wani rinin ke fito da ƙwayoyin tarin fuka jajaye a kan shuɗin fili. Ke nan tun kafin a zo batun kwamfuta, hannun mutum ya riga ya shiga cikin abin da ake gani, kuma babu wanda ya taɓa kiran rini maguɗi, domin kowa ya san an yi, an kuma san dalili.

Dalilin da hoto ɗaya ba ya isa

Duk sanda aka ƙara girma, filin da ake gani raguwa yake yi. Da gilashi mai 10, da'irar da ido ke gani tana da faɗin wajen milimita 2. Da mai 100, sai ta koma kashi ɗaya cikin biyar na milimita.

Mu sa wannan a kan awon da kowa ya sani a Damagaram, musamman daga watan Agusta zuwa Oktoba lokacin da masassara ke kwantar da yara: gut epes, wato ɗigon jini mai kauri da ake bazawa a kan lam. Faɗinsa wajen santimita ɗaya ne. Idan aka lissafa, akwai da'ira wajen 2,500 a cikin wannan ɗigo. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a duba aƙalla 100 kafin a ce ba a ga komai ba. Mai awo yana zaune, ido a kan gilashi, hannu ɗaya yana matsar da lam a hankali, ɗayan yana murza saiti gaba da baya, yana ƙirgawa a zuci ko da ƴar na'urar dannawa, alhali wasu lam ɗin suna jere a gefe suna bushewa, iyaye kuma suna jira a waje. Ko ya cika ƙa'idar daidai, kashi 4 cikin 100 na ɗigon ya gani. Ga palu wannan ya wadatar a mafi yawan lokuta, domin ƙwayoyin a warwatse suke cikin jinin.

Tsokar da aka yanko daga ƙari a nono ko a wuya ba haka take ba. Likitan da ke karanta ta yana buƙatar ganin tsarin gaba ɗaya, ya ga inda lafiyayyen nama ya ƙare da inda mugun ya fara, sannan ya matsa kusa ya duba ƙwayoyin ɗaya-ɗaya. Yana son faɗi, yana son zurfin gani, kuma gilashi ba ya ba da su biyun a lokaci guda. A ce yankin tsokar milimita 15 ne a tsaye da kwance, ana so kowane ɗigon hoto ya wakilci rubu'in mikron. Zai zama ɗigo 60,000 a kowane gefe, jimilla biliyan 3 da miliyan 600. Kyamarar waya mai ɗigo miliyan 12 sai ta ɗauki hoto 300 kafin ta rufe wannan fili, ko da babu wanda ya hau kan wani. Mafita ɗaya ce: a ɗauka yanki-yanki, a haɗa.

Yadda ake haɗawar

Wanda ya taɓa tsayawa a wani lungu a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, yana son ɗaukar hoton gaban wani tsohon gida mai zanen bango, ga lungun ya matse babu wurin ja da baya, ya riga ya san rabin aikin. Zai ɗauki ɓangaren hagu, ya matsa ya ɗauki na tsakiya, amma zai tabbatar wani ɗan zane da ya fito a ƙarshen hoton farko ya sake fitowa a farkon na biyu. Da wannan zanen da aka maimaita ne za a gane inda hoto na biyu zai zauna. Tsarin panorama na waya ma haka yake aiki.

A madubin likita, faifan da lam ke kai ne ke tafiya, da hannu ko da ɗan inji, layi bayan layi. Ana sa kowane hoto ya hau kan maƙwabcinsa da wajen kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Wani zai ce, tunda inji ne ke matsarwa, me ya sa ba za a jera su kawai baki da baki ba? Dalili shi ne babu injin da ke tafiya daidai ɗari bisa ɗari. Kuskuren mikron 2 ba komai ba ne a idon makaniki, amma a nan ya kai girman ƙwayar palu guda. Idan babu wurin da hotunan suka haɗu, abu zai iya faɗawa a tsakani ya ɓace ba wanda ya sani.

Daga nan aiki ya koma hannun manhaja. Hanya ɗaya ita ce ta ɗora gefen hoto a kan na maƙwabcinsa ta lissafa wurin da ɗigogin suka fi dacewa da juna. Wata hanyar kuma, wadda David Lowe ya fito da ita a Kanada a 1999, tana zaƙulo alamomi na musamman a kowane hoto, kamar kusurwa ko tabo, ta nemo takwarorinsu a ɗayan. Sai dai idan aka bi su ɗaya bayan ɗaya, na biyu a jikin na farko, na uku a jikin na biyu, ƙananan kurakurai taruwa suke yi har layin ƙarshe ya karkace. A 2009 Stephan Preibisch da abokan aikinsa a birnin Dresden suka wallafa hanyar da ke duba dangantakar dukkan hotunan a lokaci guda, ta zaɓi zaman da ya fi rage kuskure a ko'ina. Tana cikin manhajar Fiji, wadda kyauta ce, kuma ɗalibi a Jami'ar André Salifou ta Damagaram zai iya sauke ta a kwamfutarsa yau.

Saura gyara biyu. Na farko na haske ne: kusan kowane madubi ya fi haske a tsakiya, gefe kuma da ɗan duhu, don haka idan aka jera hotuna ɗari sai ka ga layukan duhu sun raba su gida-gida. Maganinsa a ɗauki hoton gilashi wanda babu komai a kai, a san yadda hasken ya bazu, a daidaita kowane hoto da shi. Na biyu shi ne a wurin haɗuwar, inda ake narkar da gefe cikin gefe a hankali don kada layi ya fito.

Akwai kuma wata haɗawar ta sama da ƙasa. Da gilashi mai 100, kaurin abin da ke fitowa tar a lokaci guda bai kai mikron ɗaya ba. Don haka kan sauro ko ƙwan tsutsa ba zai taɓa fitowa sarai gaba ɗaya a hoto guda ba. Sai a ɗauki hotuna da yawa a wuri ɗaya ana sauya saiti kaɗan-kaɗan, manhaja ta tsinci ɓangaren da ya fito sarai a kowanne. Kyawawan hotunan ƙwari da ke yawo a Facebook galibi haka aka yi su.

A duk matakan nan babu inda aka ƙirƙiro ƙwayar da ba ta kan gilashi. Kowane ɗigo daga hasken da ya ratsa lam ya fito. Wannan shi ne babban bambancinsa da hoton da ƙirƙirarriyar basira ke zanawa daga umarnin da aka rubuta mata.

Inda aikin ke ɓaci

Wannan ba ya nufin ba a kuskure. Mu koma bangon Birni: idan wurin da hotuna biyu suka haɗu shafaffen bango ne ba zane, babu alamar da za a kama. Idan kuma zane iri ɗaya ne aka maimaita sau goma, ana iya ɗora na uku a kan na huɗu. Haka yake a lam. Wurin da babu komai yana ruɗa manhaja, jerin ƙwayoyi masu kama da juna ma haka. Sakamakon shi ne ƙwaya ɗaya ta fito biyu, ko ta fito da inuwa, ko a yanke rabinta. Ga mai kallon kyau wannan ƙaramin aibi ne. Ga mai ƙirga ƙwayoyi don a san nauyin cuta kuwa, lissafi ne ya lalace. Abu mai rai da ke motsi a ruwan tabki ma yakan bar wuri kafin a ɗauki hoto na gaba, ya fito sau biyu ko ya ɓace.

Mu a nan muna da ƙarin abokin gaba, ƙurar hunturu. Ɗan ƙura da ya zauna a gilashin ido ko a kyamara ba ya tafiya tare da lam, saboda haka zai fito a wuri ɗaya cikin kowane hoto. Idan aka haɗa, sai a ga ɗigo yana maimaita kansa a jere, tazara daidai wa daida. Gogaggen mai awo yakan murza gilashin ido: idan ɗigon ya juya tare da shi, ƙura ce, ba cuta ba. Wanda ke kallon hoto daga nesa ba shi da wannan damar, sai dai ya lura da jerin.

Masu shakka suna da abin faɗa

Ba daidai ba ne a ɗauki mai tambaya a matsayin wanda bai waye ba. Maguɗin hoto yana faruwa har a cikin masana. A 2016 Elisabeth Bik da abokan aikinta suka duba maƙalolin kimiyya 20,621, suka sami hotunan da aka maimaita ta hanyar da ba ta dace ba a kusan kashi 4 cikin 100, kuma aƙalla rabinsu da alamar da gangan aka yi. Sannan wasu abubuwan da ake turowa da sunan hoto ba hoto ba ne. Ƙwallon nan mai toka-toka da jajayen ƙayoyi da duniya ta san korona da shi zane ne, ma'aikatan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka zana shi a farkon 2020. Hotunan madubin elektron kuma asalinsu fari da baƙi ne, duk launin da ka gani daga baya aka sa.

To ina iyakar? Ƙa'idar da manyan mujallun kimiyya suka runguma tun farkon shekarun 2000 a fili take. An yarda a ƙara haske ko a rage, muddin hoton gaba ɗaya aka yi wa, ba wani lungu ba, kuma gyaran bai ɓoye komai ba. Ba a yarda a goge wani abu, ko a matsar da shi, ko a shigo da wanda babu ba. Idan an haɗa, a faɗa. A ajiye hotunan asali don wanda ya nema. A ganina, rubutun nan na ƙasan hoto da ke cewa daga yanki kaza aka haɗa, wanda shi ne ke tayar wa mutane da hankali, shi ya fi cancanta ya kwantar da shi. Hoton da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ya zo babu bayani, babu ɗan layin ma'auni a gefe mai nuna tsawon mikron 10 ko 100, babu sunan rini, babu inda aka ɗauka.

Abin da ya kamata a sa wa ido sosai yanzu shi ne manhajojin da ke cike gurbi da kansu. Wasu, idan suka ga rami a hoton da aka haɗa, sai su zana abin da suke zaton ya dace. Wayoyin zamani ma suna gyara hoto su ƙara masa kaifi ba tare da an tambaye su ba. A hoton biki babu damuwa. A hoton jinin mara lafiya, gurbin da aka bari baƙi ya fi wanda aka cike da zato.

Abin da zai canza wa mutumin Damagaram

Awon palu na yau da kullum ba zai koma hannun wannan fasaha gobe ba. Gwajin gaggawa na ɗigon jini da idon mai awo sun fi sauri, sun fi araha. Inda amfanin yake shi ne cututtukan da ke buƙatar ƙwararren da ba a samu kusa. Likitocin da ke karanta tsoka ƴan kaɗan ne a nan Nijar, kuma tsakanin Damagaram da Yamai kusan kilomita 900 ne. Iyalin da aka yanki tsokar mahaifiyarsu suna jiran sakamako sun san tsawon wannan hanya fiye da kowa. Idan aka iya shirya lam a nan, aka ɗauki hotonsa cikakke, ƙwararre a Yamai ko Kano ko Dakar zai iya buɗe shi, ya zagaya, ya matso, ya ja baya, kamar lam ɗin na gabansa, har ma ya nemi ra'ayin wani. A Amurka hukumar kula da magunguna ta amince a 2017 a yanke hukuncin cuta da irin wannan hoto, bayan gwajin da ya kwatanta shi da duban gilashi kai tsaye. A Kamaru kuma an yi amfani da madubin da aka haɗa da waya aka auna jinin mutum sama da 16,000 a ƙauyuka don gano masu yawan tsutsar loa kafin a ba su maganin makantar kogi.

Cikas ɗin ma a bayyane suke. Injin da ke yin aikin da kansa yana cin miliyoyin sefa masu yawa, yana son wuta tsayayya da ɗaki mara ƙura. Hoton lam guda yakan kai gigabait ɗaya ko fiye, wanda tura shi da intanet ɗinmu aiki ne. Idan kuma aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar matse shi take yi, ƙananan abubuwan da aka sha wahala dominsu su tafi. Sannan ga sirrin mara lafiya: lam yana ɗauke da suna ko lamba, kuma abin da ya shiga zauren waya ba ya dawowa.

Abin da na fi so masu ruwa da tsaki su riƙe shi ne hoto ba ya wuce lam ɗin da aka ɗauke shi a kai. Idan tsokar ta daɗe ba a sa ta a ruwan adanawa ba, ko an yanka ta da kauri, ko rinin ya tsufa, to hoton ɗigo biliyan uku zai nuna lalacewar ne kawai dalla-dalla. Kuɗin da za a kashe a kan inji, dole a kashe irinsa wajen horar da masu awo da sayo rini mai kyau.

Ɗalibanmu kuwa ba sai sun jira injin ba. Da madubin makaranta, da abin riƙe waya a bakin gilashin ido, ana iya farawa da fatar albasa ko fiffiken ƙuda a gilashi mai 10. A kulle haske da saitin kyamarar wayar don kada su riƙa sauyawa, a matsar da lam layi-layi ana barin wajen rubu'in kowane hoto ya sake fitowa a na gaba tunda hannu ne ke matsarwa, a ba hotunan lamba bi da bi, a zuba su a Fiji. In an gama a bi layukan haɗin ɗaya bayan ɗaya a duba ko wata ƙwaya ta fito biyu, a rubuta yawan hotunan da ƙarfin gilashin a ƙasa, a kuma ajiye na asalin a wuri dabam.